Hannunka Mai Sanda Bai Isa Ba: Mu da Ƴan Uwanmu Masu Otizim

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, malamin lakkwal a nan Arlit, ya gabatar a zaman yamma na bikin tunawa da kafuwar ƙungiyarmu.)



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Malamanmu limamai, iyayenmu maza da mata, shugabannin kartiye, ƴan uwana matasan Arlit, da waɗanda suka taso daga Akokan, da baƙinmu na Agadas da Cirozerin, barkanku da zuwa. Allah Ya saka da alheri.

Da kwamitin biki suka ce in yi magana, sun zaci zan ɗauko zancen rashin aikin yi, ko shaye-shaye, ko matasan da ke kama hanyar Asamaka. Duk waɗannan suna damun mu. Amma na roƙe su su bar ni in taɓo wani abu da ke cikin gidajenmu, wanda ba mu saba faɗa a taro ba. Zan fara da labarin gidanmu, kuma sai da na nemi izinin Baba da na wanda labarin ya shafa kafin in hau nan.

Ranar da aka ce bismilla

Autanmu yana ɗan shekara tara lokacin. Baba ya tafi da shi gaida wani maƙwabcinmu a Bukoki, bawan Allah da aikinsa ya tsaya, gida cike da ɗiya. Suka iske shi zai fara cin abinci, ɗan tuwo ne a kwano wanda ko shi kaɗai ba zai ishe shi ba. Mutumin ya ce, "Bismilla." Baba ya ce, "Alhamdu lillahi," kamar yadda kowa a nan zai ce. Shi kuwa Auta sai ya wanke hannu, ya zauna, ya cinye tuwon tas, ya ce ya gode.

Da suka dawo gida Baba ya yi masa dukan da har yau ba ya son a tuna masa. Auta yana kuka yana maimaita magana ɗaya: "Shi ya ce in ci. Shi ya ce in ci."

Ƴan uwa, ku duba da kyau. Yaron nan bai yi ƙarya ba. An ce masa bismilla, ya amsa kira. Abin da bai sani ba shi ne bismillar da ake yi wa baƙo iri biyu ce: akwai ta "zo mu ci", akwai ta "na girmama ka, kai ma ka girmama ni ka ƙi". Wa ya taɓa zaunar da ɗayanmu ya koya masa bambancin? Ba kowa. Mun tsince shi ne daga murya, daga girman kwano, daga kallon da uba ya yi mana ta wutsiyar ido. Auta bai tsince shi ba, domin ba ta wannan hanya yake koyo ba.

Kafin wannan rana an riga an faɗi abubuwa da yawa a kansa. Bai yi magana ba sai da ya kusa shekara huɗu. Ba ya son a taɓa shi ba zato. In aka kunna lasifika da ƙarfi sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Wasu suka ce shagwaɓar auta ce, wasu suka ce iska, wasu suka ce sammu. An yi turare, an yi tofi, an kashe jikkuna masu yawa. Daga baya na kai shi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1000, wata likitar yara ta zauna da shi, ta yi mana tambayoyi masu yawa, sannan ta gaya mini sunan abin: otizim.

Mene ne otizim?

Wasu gidajen rediyo suna ce masa galahanga, amma wannan kalma tana tara abubuwa daban-daban a buhu ɗaya, shi ya sa zan riƙe sunan otizim. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga farko, kuma mutum yana tare da shi har tsufa. Yana bayyana ta fuska biyu. Ta farko, wahalar karanta abin da mutane ke nufi ba tare da sun faɗa ba: fuska, murya, habaici, shiru. Ta biyu, son abu ya tafi bisa tsari ɗaya, da ƙwallafa rai a kan wani fanni, da jin ƙara ko haske ko wari ko kaushin tufa fiye da yadda sauran mutane ke ji, ko kuma ƙasa da haka.

Ba dukansu ne iri ɗaya ba. Akwai wanda ba ya magana ko kaɗan kuma zai buƙaci taimako duk rayuwarsa. Akwai wanda ya haddace Alƙur'ani, akwai injiniya, akwai direban kamyo. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ku lissafa yaran lakkwal ɗin kartiyenku, ku lissafa na makarantar allo, za ku ga ba zancen wata ƙasa muke ba. An fi gano shi ga maza, kusan huɗu ga mace ɗaya, amma masana sun lura ƴan mata da yawa suna ɓoye nasu ta hanyar kwaikwayo. A wurinmu kuwa yarinya mai shiru da sunkuyar da kai sai mu ce mai kunya ce, mu wuce.

Wata likita a Masko, Gurunya Sukareba, ta bayyana irin waɗannan yara tun 1925. A 1943 wani likita a Amurka, Liyo Kana, ya rubuta bayanin yara 11, kuma daga nan duniya ta fara sanin sunan. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da babban kaso a ciki. Ba laifin uwa ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi: rahoton da ya haddasa wannan jita-jita a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, kuma an soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Don Allah iyayenmu mata, kada wani ya hana ku kai yara rigakafi da wannan zance.

Dokokin da ba a rubuta ba

Yanzu ku zo mu ƙirga alamomin da muke rayuwa da su daga safe zuwa dare, mu gan su da idon Auta.

Gaisuwa. Ana tambayar ka kwana, gajiya, gida, aiki, zafi, kuma amsar duka lafiya lau ce, ko da zazzaɓi ka kwana. Auta ya taɓa tambaya ta, "Yaya, in sun san amsar, don me suke tambaya? In kuma ba ni da lafiya, ba ƙarya na yi ba?" Sai da na yi tunani kafin na ce masa gaisuwa hanya ce ta cewa na gan ka, kuma kana da daraja a wurina. Ya ce, "To don me ba za su faɗi haka ba?"

Kallo. A wajen Turawa yaron da ba ya kallon babba cikin ido shi ne marar ladabi. A wajenmu wanda ya ƙura wa babba ido shi ne marar kunya. Ido ɗaya, hukunci biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa mutane ne suka ƙulla waɗannan dokoki, kowace al'umma da nata.

Rawani. Ɗan uwanmu Ba'abzine yana jan amawali ya rufe baki da hanci idan surukinsa ko wani babba ya iso. Ɗan motsi ne na yatsu biyu, amma ya ƙunshi girmamawa gaba ɗaya. Haka shayi: kofi uku ne, kuma wanda ya tashi bayan na farko ya faɗi wata magana ko da bai buɗe baki ba.

Wasan taubasai. Bagobiri ya ce wa Bazabarme bawansa, Bafillace ya tsokani Babarbare, Ba'abzine da Bazabarme su yi ta jifan juna da magana, kowa na dariya. Al'ada ce mai daraja, har UNESCO ta sanya ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014. Amma ku yi tunani: zagi ne a baki, ƙauna ce a ciki. Ranar da wani abokin Baba ya ce zai saye Auta da dala biyar, yaron ya kwana uku ba ya yarda ya fita ƙofar gida.

Sai maganar yau da kullum. "Ina zuwa", alhali tafiya za ka yi. "Sai na duba", alhali a'a kake nufi. Inna ta ce masa, "Je ka gani ko babanka ya dawo." Ya je, ya gani, ya zauna can. Ba a ce masa ya dawo ya faɗa ba.

Har da alamomin ƙasa. Auta yana son tutarmu ƙwarai, ya san an amince da ita a 1959, ya san ruwan lemu da fari da kore da ranar da ke tsakiya. Ya haddace tsohon taken ƙasa ba kuskure ko ɗaya. Da aka sauya take a watan Yuni na 2023, sauran yara suka kama sabon suka wuce. Shi kuwa ya yi makonni cikin damuwa, yana tambaya ta yaya abin da yake daidai jiya ya daina zama daidai yau. Da na zauna na bayyana masa cewa mutane ne suka zaɓi na farko, mutane ne kuma suka zaɓi na biyu, na gaya masa dalilin, sai ya natsu, ya haddace sabon kafin ƴan ajinsu da yawa.

Kun ga ke nan ba ƙin alamominmu yake yi ba, ba raina su yake ba. Sau da yawa ya fi mu riƙe su da gaske. Abin da yake buƙata a faɗa masa ma'anar a fili. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ga mai otizim wannan karin magana tana iya cutar da shi ta gefe biyu: shi ba ya karanta fuskarka da sauƙi, kai ma in ka karanta tasa za ka iya yin kuskure. Ranar da kakarmu ta rasu fuskarsa ba ta nuna komai ba, mutane suka ce ba shi da zuciya. Wata guda ya yi yana shimfiɗa mata tabarmarta kowace yamma a inda ta saba zama.

Darasin da garinmu ya riga ya sani

Ƴan uwa, in akwai garin da ya kamata ya fahimci wannan magana, Arlit ne. Garin nan an kafa shi ne a 1969 saboda uraniyom. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da ma'adini a 1971. An kafa COMINAK a 1974, aka gina Akokan, aka yi ta aiki a ƙarƙashin ƙasa har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe. Iyayenmu sun zo daga Adar, daga Damagaram, daga Maraɗi, daga Doso, daga duwatsun Abzin. Wani Tamashek yake ji, wani Zabarmanci, wani Hausa, shugaban aiki kuma Faransanci. Ta yaya aka haɗa su aiki a wurin da kuskure ɗaya ke kashe mutum?

Da alamomi, amma alamomin da aka koyar. Ba wanda ya ce wa sabon ma'aikaci, "Ai kowa ya sani." An zaunar da shi an ce: wannan jiniya tana nufin za a fasa dutse, ka bar wurin. Wannan launi hani ne. Kaske a kai, takalmi a ƙafa, ɗan ma'aunin nan a ƙirji domin yana auna radiyasiyo, abin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku ɗauki alamar radiyasiyo kanta, mai kunnuwa uku a kan rawaya. An ƙirƙire ta a wani ɗakin bincike na jami'ar Bakale a Amurka a 1946. Ga ma'aikacin ma'adini ma'anarta a bayyane take. Amma ga wanda ba a koya wa ba, ba ta cewa komai. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta gano mutane da yawa ba su san abin da take nufi ba, yara ma farfela suke ɗaukar ta. Shi ya sa a 2007 aka fito da ƙarin wata alama ja mai kusurwa uku, da ƙoƙon kan mutum, da mutum yana gudu, bayan an gwada zane-zane a kan mutane 1,650 a ƙasashe 11. Manyan masana ba su ce jama'a wawaye ne ba. Sun ce alamarmu ce ba ta isar da saƙo, mu gyara ta.

Mu ma a nan mun ɗanɗani abin da rashin alama ke jawowa. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da Greenpeace a 2009, sun auna ƙarafa a kasuwa da wasu wurare a titunan Akokan, suka sami radiyasiyo fiye da ƙima. Ƙarfen da ba a yi wa alama ba, maƙeri ba shi da hanyar sanin abin da ke cikinsa. Wa zai zarge shi? Rashin sani ya fi dare duhu.

To haka mai otizim yake tafiya a cikinmu kullum: a fili mai cike da haɗurran da ba a kafa musu alama ba. Sai ya taka, sannan duka ya biyo.

Kuskuren fahimta daga gefe biyu yake

An daɗe ana cewa masu otizim ne kaɗai ba sa fahimtar mutane. A 2012 wani masani ɗan Ingila, Demiyan Milton, wanda shi kansa mai otizim ne, ya ce a duba da kyau: in mutum biyu ba su fahimci juna ba, matsalar tana tsakaninsu ne su biyun. A 2020 masu bincike a jami'ar Edinbara suka gwada wannan. Suka jera mutane takwas-takwas, aka ba na farko labari ya gaya wa na biyu, na biyu ya gaya wa na uku, har ƙarshe. Layin da duka masu otizim ne ya riƙe labarin kamar yadda layin marasa otizim ya riƙe. Layin da aka gauraya su shi ne labarin ya fi zubewa. Ma'ana, kowane ɓangare yana da hanyar maganarsa, kuma a mahaɗa ake samun asara.

Mu ne masu yawa, mu ne muka tsara dokokin, saboda haka nauyin fassara ya fi hawa kanmu. Su kuwa tun suna yara suke ta ƙoƙarin koyon hanyarmu, har wasu su gaji, su ƙuntata, su daina fita.

Su ma suna da alamominsu, kuma suna da ra'ayi a kansu. A 1963 wata ƙungiyar iyaye a Landan ta ɗauki hoton guntun wasan haɗa-hoto, da yaro yana kuka a ciki, a matsayin alamar otizim. Da masu otizim suka girma suka fara magana da bakinsu, da yawa suka ce wannan hoto yana nuna su kamar mutanen da wani yanki nasu ya ɓace. Tun wajen 2005 suka fara amfani da wata alama mai kama da lamba 8 a kwance, mai launuka da yawa, don nuna cewa su iri-iri ne. Darasin a nan: kafin ka yi magana a madadin mutum, tambaye shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai kan otizim, tun daga shawarar da ta zartar a 2007. Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2008.

Yadda aka yi a Madina

Malamai suna nan, in na kauce su gyara mini. Ba ina cewa mutanen da zan ambata suna da otizim ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi da wanda bai gane alama ko al'ada ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Adiyyu ɗan Hatim. Da ya ji ayar da ke bayanin lokacin kama baki, wadda ta yi zancen farin zare da baƙin zare, sai ya ɗauko igiya fara da baƙa ya sa ƙarƙashin matashinsa, yana duba su cikin dare. Ya ɗauki maganar a zahirinta, kamar yadda Auta ya ɗauki bismilla. Da ya ba da labari, Annabi ya yi masa ɗan raha, ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Shi ke nan. An fassara, an wuce.

Sai balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci. Sahabbai suka taso masa. Annabi ya hana su, ya sa aka zuba ruwa a wurin, sannan ya kira mutumin ya gaya masa a fili abin da aka gina masallaci dominsa. Kuma Anas ya ba da labari cewa Annabi yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta.

Yau in yaro ya yi ta kaɗa hannu a sahu, ko ya toshe kunne lokacin kiran salla, ko ya maimaita abin da liman ya karanta da ƙarfi, me muke yi? Mu ture shi waje, mu harari ubansa. Na san uban da ya daina zuwa jam'i saboda wannan harara. Mun rasa mutum biyu a sahu saboda mun kasa yin abin da aka yi wa balaraben ƙauye.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Na ɗaya, mu faɗi abu a fili. In kana son yaron ya je ya dawo, ce masa ya je ya dawo ya gaya maka. In wasa kake, ce masa wasa ne. Hannunka mai sanda bai isa ba.

Na biyu, mu koyar da al'ada kamar yadda ake koyar da dokar shantiye. Mataki-mataki, da dalili. Ni da Auta mun yi littafi ɗan ƙarami: yadda ake gaida babba, abin da ake cewa a gidan rasuwa, bismillar da ake amsawa da wadda ake godewa. Ga wanda ba ya magana, hotuna suna aiki: hoton buta, hoton kwano, hoton tabarmar salla, a jere bisa tsarin yini.

Na uku, mu sanar kafin a sauya abu. In gobe ba lakkwal, in baƙi za su zo, in za a je Agadas kallon Biyanu inda ganguna da taro za su yi yawa, a faɗa masa tun yau.

Na huɗu, mu rage abin da ke cutar da jiki. Lasifikar masallacin kartiye ba sai ta kai ƙarshe ba. A bar masa gefen sahu kusa da ƙofa. In sabuwar shadda ranar salla tana cizon fatarsa, a wanke ta tukuna, ko a bar shi da tsohuwar rigarsa. Idi ba ya ɓaci don wannan.

Na biyar, duka da ɗauri su ƙare. Addu'a alheri ce, muna yin ta kullum. Amma bulala ba ta taɓa koya wa kowa ma'anar alama ba, tsoro kawai take koyarwa. Wanda ya ga alamun da na ambata ga ɗansa ya nemi likita, kuma ƙungiya ta taimaka da kuɗin mota ga wanda ba shi da hali.

Na shida, mu kare su. Mutumin da ke ɗaukar magana a zahirinta, shi ne mayaudari ya fi saurin samu, a kasuwa, a tasha, a Facebook da WhatsApp. Ƴan mata sun fi shiga haɗari. Kowane reshe ya san nasa, ya sa musu ido.

Na bakwai, mu ba su wuri. Yaro na farko cikin 11 ɗin da na ambata, Donal Tiriflet, ya rayu a wani ƙaramin gari a jihar Misisifi, ya yi aikin banki shekaru masu yawa, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna yadda mutanen garinsu suka karɓe shi yadda yake, suka tsaya masa. Abin da ƙaramin gari ya yi can, Arlit ma za ta iya.

Rufewa

Zan ƙare da Baba. Da na dawo daga Yamai na yi ta yi masa bayani bai ce komai ba. Sai wata yamma muna shan shayi na kawo masa misalin jiniya da kaske. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ranar da na fara shiga rami, daga ƙauye na fito, ban san ko harafi ɗaya ba. Ba wanda ya doke ni don ban san alama ba. Koya mini aka yi." Ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari na gan shi zaune da Auta da kwano biyu, babba da ƙarami, yana nuna masa wace bismilla ce ta ci, wace ce ta godiya.

Maƙwabcin namu kuwa, da labarin dukan ya kai masa, da kansa ya zo ya ce wa Baba, "Alhaji, yaron nan shi kaɗai ya taɓa ɗaukar bismillata da gaske." Har yau in ya ga Auta sai ya ce masa, "Zo mu ci, kuma ta gaske ce."

Auta yana cikin taron nan, can baya kusa da ƙofa. Shi ya lissafa kujerun da kuke zaune a kai, shi ya jera su, kuma ba a sami kuskure ba. Ya ce in gaya muku kada ku waiwaya ku dube shi gaba ɗaya, kuma kada ku yi tafi da ƙarfi. In kun haɗu da shi a waje ku yi masa sallama, zai amsa.

Allah Ya ba mu haƙuri da juna, Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka gina wannan gari, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne, ku yafe mini.